Tubalin Tsohon Gari da Hannun Rakiya

Na san abin da kuke faɗa a bayan idona, ku 'ya'yana, domin uwarku Saude ba ta iya riƙe magana. Kuna cewa taurin kaina ne ya sa 'yar'uwarku Rakiya ta tashi tana ɓoye hannu a cikin mayafi. Taurin kai kam ina da shi, ban taɓa musu ba, kuma wanda ya fi kowa gadonsa a cikinku shi ne babbanku Nura, don haka kada ya yi saurin gyaɗa kai. Amma akwai abin da na gani da idona a shekarar da aka haifi yarinyar nan, wanda ban taɓa zaunar da ku na gaya muku daga farko har ƙarshe ba. Yanzu ido ya fara rauni, gara in rubuta tun ina ganin layi.

Shekarun tsuke bakin aljihu ne, abin da mu 'yan birni muke ce wa ostariti. Ina aiki a wata masaƙa a Kano, muna ganin kanmu mun tsira daga fartanya har abada. Wata safiya muka tarar da ƙofa a garƙame, aka ce ba zare, ba kayan gyaran inji, kowa ya kama gabansa. Na ɗan yi ta buga-buga, ga layin sabulu, ga layin madara, ga mai gidan haya a bakin ƙofa. Da na ga tukunya ta fara kwana ba a ɗora ta ba, sai na kwaso Saude da tsohon ciki, da Nura yana ɗan yaro, muka dawo ƙauyenmu ta wajen Madadi, a ƙasar Gwarzo. Muka cusa kanmu a ɗakin Inna, mahaifiyata, ita ta koma kwana a ɗan madafinta.

Ba ni kaɗai birni ya amayar ba a shekarar. Duk wanda ya tafi da agogo ya dawo da buhu a ka, kowa yana neman inda zai kafa ɗaki. Na je wajen mai unguwa na durƙusa, muka gaisa, na faɗi buƙatata. Sai ya nuna mini wani lungu a bakin kwazazzabo, inda ruwa ke cin ƙasa duk damina.

"Ka yi haƙuri da nan, Cindo," in ji shi. "Ka san sai 'yan gida sun samu kafin a waiwayi baƙi."

A garin aka yanke mini cibi, a garin aka binne mahaifina, amma baƙo nake. Mutane suna cewa kakana ɗan ci-rani ne daga ƙasar Katsina, ya zo ya maƙale. Inna kuwa wani labari take ba ni tun ina yaro. Ta ce surukinta, wato kakan nan nawa, ya sha gaya mata cewa asalinmu mutanen Tsohon Gari ne, wato kufan nan da ke gabas da ƙauye. Wata yunwa ce ta tarwatsa garin tun zamanin da ba wanda ya san lissafinsa, namu suka yi yamma, suka yi ta yawo uba bayan uba. Da kakana ya biyo labari ya dawo, ya tarar gari ya mutu, waɗanda suka kafa sabon ƙauye kuwa ba su san shi ba. Ni kaina ban ɗauki zancen da muhimmanci ba. Kowane baƙo yana da irin wannan labarin, shi yake lulluɓa da shi in an yi masa gori.

Sunan nan Cindo da mai unguwa ya kira ni da shi maimakon Haladu, ku ƙananan ba ku san tushensa ba. Da yatsu shida na zo duniya a hannun dama. Ranar suna wanzami ya cire na shidan, kamar yadda aka cire wa mahaifina, aka bar mini suna da ɗan tabo a gefen ƙaramin yatsa. Kakana kaɗai ne ya mutu da nasa cikakku, Inna ta ce ta sha ganinsu in tana miƙa masa ƙwarya.

To, fili ya samu, sai gini. Siminti a lokacin ko a mafarki. Sai ƙasa, kuma duk magini a yankinmu ya san ba ƙasar da ta kai ta ganuwar Tsohon Gari, domin mutanen da sun riga sun kwaɓa ta, sun tattake ta, ta sha rana ta sha ruwa ta nuna. Kai dai ka fasa, ka jiƙa, ka ɗora. Na ari jaki da mangala, na saɓi diga, na nufi gabas da hantsi. Tun ina yaro rabona da wurin, lokacin da muke leƙawa mu tsinko kanya mu ruga da gudu don tsoron aljanu.

Wannan karon a hankali na shiga, ta wata ɓaraka da ake cewa nan ce ƙofar gari. Ganuwar ta zube a wurare da yawa ta zama tudu, sabara da sarƙaƙiya sun rufe ta, amma ta gefen arewa tana nan tsaye, ta fi mutum a kan jaki tsawo. Ciki shiru, ko kukan tsuntsu babu. Duk inda ka taka sai tsingaro ya yi ƙara a ƙarƙashin takalminka. Na ga rijiyoyin marina a jere, bakinsu ya cike da ƙasa, amma gefensu har yanzu da sauran shuɗi. Na ga kashin maƙera tuli guda, baƙi ƙirin. Na ga wani dutsen niƙa da aka niƙa hatsi a kansa har ya huje ta tsakiya, na tsaya ina tunanin mata nawa suka gaji bayansu a kan dutsen nan kafin ya huje. Ga kukoki manya-manya a inda gidaje suke a da. Gari guda, da masu rini da maƙera da masu jego, yunwa ta share shi kamar ba a yi ba. Ni da na baro masaƙa a rufe da cikina a ɗaure, ba sai an yi mini bayanin yadda hakan ke faruwa ba.

Na yi bisimilla na kafa wa ganuwar diga. Da ɓawon waje ya ɓalle, sai ga tubala a jere a ciki, irin na da, masu faɗin gindi da tsinin kai, waɗanda ake mulmulawa da hannu ɗaya bayan ɗaya. Wasu suna farfashewa, wasu suna gangarowa lafiya lau. Ɗaya ya mirgino ya tsaya a kan ƙafata. Na sunkuya zan jefa shi a mangala, sai na ji yatsuna sun faɗa cikin wasu 'yan ramuka. Na juya shi. Sawun hannun wanda ya yi shi ne, ya damƙe shi tun yana ɗanye zai ajiye a rana, ƙasar ta riƙe. Hannun dama. Na busa ƙurar na ƙirga. Na sake ƙirgawa. Ban yarda da idona ba, na tofa yawu na goge da bakin riga, na ƙirga da yatsa ina taɓawa. Shida ne.

Na sa hannuna a ciki. Babban yatsa ya zauna a gurbinsa, sauran huɗun suka zauna a nasu, kamar an auna. Gurbi na shida ya rage ba kowa, kuma daidai bakinsa tabona ya tsaya.

Ban san tsawon zaman da na yi a gindin ganuwar nan ba. Kuka na yi, ba na jin kunyar faɗa muku. Ban san sunan mutumin ba, ban san ko ɗa ne ko bawa, ban san ko da son ransa ya yi aikin ko da bulala a bayansa ba. Abin da na sani shi ne wata rana ya durƙusa a nan inda nake, gumi na zuba, ya ɗauki ƙasa ya matse, kuma jininsa ne yake gudu a hannuna. Tunda nake ban taɓa jin ƙasa ta amsa mini ba sai ranar. Na naɗe tubalin a hulata na rungume. Sannan na tashi na ci gaba da fasa ganuwar, domin damina na tafe kuma matata ba ta da ɗakin haihuwa.

Da na kai wa Inna, ta shafa, ta shafa, sannan ta share ido da gefen zane.

"Ashe tsohon nan ba ƙarya ya yi ba," ta ce. "Allah ya ji ƙansa. Kai kuma ka adana abinka, kada ka kai shi gaban mutane."

Ban ji maganarta ba. Da la'asar na ɗauke shi na kai majalisar dattawa a gindin durumi, na ajiye a kan tabarmar mai unguwa, na ɗora hannuna na nuna musu. Suka karɓa suna jujjuyawa. Wani ya ce tsakuwa ce ta fita ta bar rami. Wani ya ce ƙila hannun ne ya zame aka danna sau biyu. Mai unguwa ya yi murmushi ya miƙo mini.

"To Cindo, yanzu tubali za ka kai gaban alƙali ya yi maka shaida? In ya iya rantsuwa, ka kawo shi."

Aka bushe da dariya. Na ɗauki abina na tafi, ban ƙara nuna wa kowa a waje ba. Na naɗe shi a farin ƙyalle na sa a ƙasan adakata.

Ɗaki ya tashi, aka ɗora azara, ruwan fari ya sauka, Saude ta haihu. Ungozoma ta fito tana 'yar dariya ta ce an samu mace, kuma ta ɗauko hannun ubanta. Da aka miƙo mini ita na buɗe 'yar tafin hannunta na dama. Ba irin ɗan tsiron naman nan ba ne da yake reto. Yatsa ne sosai, da ƙashinsa da ɗan farcensa, yana lanƙwashewa tare da 'yan'uwansa. Ta damƙe mini yatsa da duka shidan.

Ranar suna surukina, mahaifin Saude, ya zo daga Kabo da jama'arsa. Mutum ne mai fatauci, mai faɗa a ji, kuma bai taɓa jin daɗin dawowar 'yarsa ƙauye ba. Aka raɗa suna, aka raba goro. Sarkin Aska ya zauna a zaure ya baje zabirarsa, aka kawo yarinya ya yi mata aski. Sai ya kama hannunta, ya zaro zare zai ɗaure gindin yatsan. Ban shirya maganar ba, ji na yi kawai ta fito.

"Sarkin Aska, a bar mata."

Ya ɗago ya dube ni. "A bar me, Malam?"

"Yatsan. Yadda Allah ya kawo ta, a bar ta haka."

Surukina ya gyara zama, ya yi magana a hankali, irin ta mutumin da bai saba maimaitawa ba.

"Malam Haladu, mace ce fa. Kuma hannun dama ne. Da shi za ta ci, da shi za ta gaisa, da shi za ta miƙa wa miji ruwa, shi za a sa wa lalle. Yau ba ta san zafi ba, gobe ta warke. In ka bari ta girma, kai ba ka da asara, ita ka ɗora wa kaya."

"Baba, ka gafarce ni," na ce, kaina a ƙasa. "An cire wa mahaifina, an cire mini. Wannan kam a bar mana."

"A bar muku ku yi me da shi?"

Yaya zan ce wa dattijo a gaban jama'arsa wani tubali ne ya hana ni? Ya tashi ya kaɗe rigarsa, ko abincin suna bai taɓa ba. Daga ranar har ya koma ga Allah bai ƙara taka gidana ba. Da Saude ta yi arba'in ya aiko aka tafi da ita Kabo ganin gida, ganin gidan da bai ƙare ba sai bayan kaka, da ƙyar da biko. Ta dawo, amma wani abu a tsakaninmu bai dawo ba, kuma ku da kuka tashi a gidan kun fi kowa sani.

Maganar surukina ba ta faɗi ƙasa ba, wannan gaskiyarsa ce. Rakiya ta tashi yara suna yi mata waƙa a dandali. In ta ɗauki tallan ƙuli, wasu matan sai su ce ta ajiye su ɗiba da kansu. A makarantar allo aka ce da ita mai hannun aljanu. Ta koyi riƙe komai da bakin mayafi. Ranar sallah 'yan mata suna baje hannu suna nuna lalle, ita takan ce ba ta son warinsa. Ina gani. Duk ranar da ta shigo da jan ido sai in ji kamar an ɗora mini dutsen niƙan nan a ƙirji. Amma in na kama hannunta na duba, sai in ga mutumin nan na gindin ganuwa bai mutu duka ba, sai in kasa. Nakan ce mata, "Hannun masu gari ne da ke." Takan ce, "To, Baba," ta janye hannunta.

Aka zo shekarar da aka ƙaddamar da shari'a. Gari ya ɗauki zafi, samari suka tashi da himma, kuma ba zan ce duk abin da suka yi banza ne ba, an rufe wuraren da ya kamata a rufe. Amma idonsu ya buɗe da neman tsafi a ko'ina, a gindin tsamiya, a wuyan jarirai, a ƙarƙashin gadon tsofaffi. Nura ya zama saurayi, yana cikinsu, ya fi kowa ɗaga murya. Ya san da tubalin, ya sha ganina ina buɗe adaka in ɗora hannu a kai in mayar. Wata rana na dawo daga gona da azahar na tarar da adaka a buɗe, farin ƙyallen a yashe a tsakar gida. Nura yana tsaye a bakin kwatami, bokiti a hannunsa. A gabansa ɗan tulin jan taɓo ne, ruwa yana janye shi.

"Baba, na raba ka da shi," ya ce. "Ana cewa a gari kana shafar gunki. Ba zan iya tsayawa in yi wa mutane wa'azi ba alhali abin yana cikin gidanmu."

"Ka taɓa jin na roƙe shi wani abu?"

"A'a, Baba."

"Ka taɓa ganin na yanka masa kaza?"

"A'a. Amma ƙofa ce, Baba. Ta irin nan ake farawa."

"Hannun kakanka ne, Nura. Ka jiƙa hannun kakanka."

Na durƙusa na sa hannu a taɓon, ba komai sai laushi. Abin da ya shekara aru-aru a cikin ganuwa, bokiti guda ya gama da shi. Ban zage ka ba Nura, ban yi maka baki ba, kai shaida ne. Na san tsoron Allah ne ya sa ka, yadda ka fahimce shi a lokacin. Amma ban taɓa gaya maka ba, ranar ji na yi kamar an sake binne mahaifina.

Washegari na tafi Tsohon Gari ko zan dace da wani. Na daɗe ban je ba. Abin da muka fara da jaki, masu tifa sun ƙarasa shi. Ganuwar arewa babu ita, an kwashe har gindi. An cike rijiyoyin marina, an sare kukoki biyu, dawa ce kore shar daga nan har inda ido ya tsaya. Na yi ta zagaye a cikin kunyoyi ban ma gane inda na zauna na yi kuka ba. Sai tsingaro kawai da garma ta tono.

Saura hannun Rakiya. Shi kaɗai ya rage mini a duniya, kuma ba nawa ba ne.

Da aka sa ranar aurenta da wani malamin makaranta daga Gwarzo, yaron kirki wanda ita ta kawo shi da kanta, sai ta same ni a zaure da safe. Ta durƙusa nesa kaɗan, ta fito da hannun daga mayafi ta ɗora a cinya, abin da ba ta taɓa yi a gabana ba.

"Baba, shi bai ce komai ba, wallahi. Ni ce. Ina so ranar kamu in miƙa hannu a sa mini lalle kamar kowa. Na riƙe maka shi tun ina jaririya. Ka yarje mini in ajiye."

Na ce ta taso mu je Tsohon Gari tukuna, in nuna mata. Muka je. Na tsaya a tsakiyar gonar mutane ina nuni da sanda, nan ƙofa take, nan marina, nan ganuwa. Ta bi sandar da ido, ta duba gabas ta duba yamma.

"Baba, ina garin?"

Ni na kai ta asibiti a Kano da kaina. Na zauna a benci har aka fito da ita da hannu a naɗe. A mota ta jingina da taga tana barci, fuskarta a sake, irin sakin da ban taɓa gani a tare da ita ba. Ranar kamu aka ce ta baje hannu biyu, lalle ya kama ja wur.

Ga abin da nake so ku riƙe. Ban bar mata yatsan don mugunta ba, ban kuma bar shi don tsafi ba. An ce da ni baƙo a gefen garin da kakannina suka gina da hannunsu, ba ni da takarda, ba ni da mai shaida, sai abin da Allah ya rubuta a jikinmu. Ta biya kuɗin shaidar da ba ita ta nema ba, wannan na sani, kuma ita da Allah ne kaɗai za su yi mini hukunci a kai, ba ku ba. Har yau a ƙauyen nan in an zo rabon wani abu, gidan Cindo ne na ƙarshe.

Bayan shekara biyu ta haifi ɗanta na fari a asibiti. Na je suna Gwarzo. Aka shigar da ni ɗaki, ta miƙo mini shi a cikin tawul, ta koma gefen gado ta sunkuyar da kai. Na yi masa addu'a, na tofa. Sai babban yatsana ya bi gefen hannunsa, yadda na saba yi wa kowane jariri a zuri'ar nan. Na ji 'yar filasta.

"Ya zo da shi?" na tambaye ta.

"Ya zo da shi, Baba. Tun a can suka cire. Ka yi haƙuri."

"Wane hannu ne wannan? Idona ba ya gani sosai."

"Na dama ne, Baba."

Na riƙe ɗan hannun a cikin nawa, tabona a jikin filastarsa, har sai da ya farka ya fara neman uwarsa, sannan na miƙa mata shi.